Injin da ke saida kaya shi kaɗai

Darasinmu na yau ya shafi wata sana'a da ba mu saba gani ba cikin kasuwanninmu. A ƙasashe kamar Amurka da Japan da Faransa akwai wani inji mai kama da dogon akwatin ƙarfe. Tsawonshi kamar na dogon mutum ne. Gabanshi gilashi ne. Ciki an jera lemun gwangwani, da ruwan sha, da biskit, da gujiya, da alawa. Babu mai tsaro. Mai saye shi saka kuɗɗi cikin wata ƴar kafa, shi danna lambar abin da yake so, sai abin shi faɗo cikin wani aljihu daga ƙasa, shi sa hannu shi ɗauka. In akwai canji, inji shi ba shi canjinshi.

Wanda ya ga wanga inji karo na farko zai ce: to, ga ciniki babu wahala! Inji ba ya barci, ba ya zuwa biki, ba ya ba da bashi. Gaskiya ne. Amma bayan kowane inji akwai mutum. Shi ke sayo kaya, shi ke zubawa, shi ke kwashe kuɗɗi, shi ke gyara in ya lalace. Akwai manyan kamfanoni cikin sana'ar, akwai kuma ƙananan mutane da yawa. Wani direba ne, wani malamin makaranta, wata ma'aikaciyar asibiti. Suna da inji 3, ko 5, ko 10, suna zagaya su da maraice ko ranar hutu. Sana'ar gefe ce, kamar yadda ma'aikaci a nan yakan aje firigo gida ana saida ƙanƙara, ko shi sayi injin niƙa shi sa yaro.

Asalin abin

Dabarar tsohuwa ce. Kusan shekaru 2000 da sunka wuce, wani masani mai suna Heron, a birnin Iskandariya na ƙasar Masar, ya bayyana cikin littafinshi wata tukunya mai ba da ruwa a wurin ibada. In an jefa kuɗɗin ƙarfe, sai su faɗa bisa wani ɗan faranti. Nauyinsu shi danne farantin, bakin ruwa shi buɗe. Da kuɗɗin sun zame sun faɗi, sai farantin shi koma wurinshi, ruwa shi tsaya.

Injunan zamani sun soma a Ingila. A shekara ta 1883 wani mutum, Percival Everitt, ya ƙera inji mai saida katin wasiƙa a birnin London. A 1888 kamfanin Thomas Adams ya kafa injunan saida cingam a tashoshin jirgin ƙasa na birnin New York. Daga nan abin ya bazu.

Ƙasar da ta fi shahara da su ita ce Japan. Injunan da ke can sun kusa miliyan 4, wato wajen inji guda ga kowane mutum 30. Ana ganin su bakin titi, da tashoshi, har da hanyoyin ƙauye. Inji guda yana iya ba ka ruwa mai sanyi, shi kuma ba ka shayi mai zafi cikin gwangwani. Akwai ma waɗanda anka shirya don ranar masifa: in an yi girgizar ƙasa, ana buɗe su mutane su sha kyauta. Abin da ya sa sana'ar ta zauna da gindinta can, wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma ba a cika fasa injunan a sace kuɗɗi ba. Ku riƙe waɗanga abubuwa biyu, za mu dawo gare su.

A Amurka akwai wani abu da ya dace mu sani. A shekara ta 1936 anka yi doka wadda ta ba makafi damar kafa teburin ciniki cikin gine-ginen gwamnati. Daga baya anka faɗaɗa dokar, ta haɗa da injunan saida kaya, aka kuma ba makafi fifiko bisa sauran masu nema. Makafi da yawa sun ci abinci da wagga sana'a, sun riƙe iyalinsu, ba su fita bara ba.

Abin da ke cikin ciki

Mai inji dole shi san cikin injinshi, kamar yadda mai amalanke ya san ƙafa da gatarin amalankenshi.

Abu na farko shi ne mai tantance kuɗɗin ƙarfe. In an jefa kuɗɗi, suna gangarawa bisa wata ƴar hanya, su wuce gaban wasu nannaɗaɗɗun wayoyi masu aiki kamar maganaɗisu. Nan take inji ke gane girmansu da irin ƙarfen da anka yi su da shi. In na gaske ne, wata ƴar ƙofa ta buɗe su shige. In jabu ne, ko na wata ƙasa, ko sun lanƙwashe, sai su fito ta ƙasa. Waɗanda sunka shiga ana jera su cikin wasu ƴan bututu, kowane iri da nashi. Daga nan inji ke ɗibar canji.

Na biyu, mai karɓar takardar kuɗɗi. Wasu ƴan tayoyi ne na roba ke jan takardar ciki, haske shi duba zanenta da launinta. In ta yi datti ƙwarai, ko ta yage, ko ta jiƙe, sai shi turo ta waje.

Na uku, abin da ke turo kaya. A injin biskit da alawa, kowane layi yana da murɗaɗɗen ƙarfe, kayan na zaune tsakanin murɗe-murɗen. Bayanshi akwai ɗan ƙaramin inji. In an biya, sai shi juya ƙarfen sau ɗaya, abin da ke gaba shi faɗo. Sai kuma injin sanyi, irin na firigo, yana can ƙasa. Duk waɗanga suna karɓar umurni daga wani ɗan allo na lantarki, wanda shi ne ƙwaƙwalwar inji. Shi ke riƙe farashi, shi ke ƙirga abin da anka saida.

Injunan yanzu da yawa suna karɓar katin banki ko biya ta salula. Wasu ma suna aiko ma mai su saƙo: layi kaza ya ƙare, inji kaza ya tsaya. Amma kamfanin da ke wanga aiki yana cire nashi kaso cikin kowane ciniki, kuma ana biyan shi kowane wata.

Wuri ya fi inji

Masu sana'ar sun ce ba sayen inji ke da wuya ba, samun wurin aje shi ne. Wuri mai kyau shi ne inda mutane ke daɗewa, suna jin ƙishirwa, kuma babu kanti kusa. Misali masana'anta mai aikin dare, ko ɗakin jira na asibiti, ko garejin gyaran motoci, ko gidan kwanan ɗalibai. Wurin da mutane ke wucewa da sauri ba su tsayawa, ko da suna da yawa, ba ya kawo ciniki sosai.

Wurin kuwa na wani ne. Sai an je an nemi izinin mai shi. Wani ya yarda kyauta don ma'aikatanshi su samu abin sha. Wani kuma sai an ba shi kaso cikin ciniki. A nan karatu ke da rana. Wa zai biya kuɗɗin wuta? Kaso nawa ne, kuma bisa ciniki duka ne ko bisa riba? In an fasa inji da dare, asarar wa ce? In mai wuri ya gaji, kwana nawa zai ba ka ka ɗauke kayanka? Duk a rubuta, kowa shi sa hannu, kowa shi riƙe takarda guda. Maganar baki tana da daɗi ranar farko. Ranar da mai wuri ya canza, ko ya mutu magada sunka zo, takarda kaɗai ke magana.

Kuma wuri mai kyau yana iya mutuwa dare ɗaya. A shekara ta 2020, lokacin cutar korona, an rufe makarantu da ma'aikatu a ƙasashe da yawa. Injuna sunka zauna cikin gine-gine a kulle, kayan ciki sunka lalace, masu su ba su da ko hanyar shiga su kwashe.

Mu yi lissafi

Ga misali. Lambobin na koyo ne, mun sa su da kuɗɗinmu na sefa don lissafi shi zo da sauƙi.

Wani mutum ya sayi tsohon inji jikka 800. Ya aje shi cikin wata masana'anta mai aiki kwana 26 a wata. Yana sayo gwangwanin lemu sefa 300, wato dala sittin. Yana saidawa sefa 500, wato dala ɗari. Kowace rana inji na saida gwangwani 20.

A wata ke nan gwangwani 520. Ranar da ya buɗe akwatin kuɗɗi ya ƙirga, zai tarda jikka 260. Nan ne ido ke ruɗin mutum. Ya ga kuɗɗi tuli, sai shi ce duka nashi ne. To, ba nashi ba ne. Jikka 156 kuɗɗin lemu ne, dole su koma wurin sari. Saura jikka 104.

Mai masana'anta yana da kashi 10 cikin 100 na ciniki, jikka 26. Saura 78. Man babur da dako, jikka 12. Saura 66. Kayan da sunka fashe ko sunka wuce kwanakinsu, jikka 6. Saura 60. Haraji da patanti, in an raba su bisa watanni, mu ce jikka 5. Saura 55. Sai kuɗɗin gyara, jikka 15, waɗanda ake ajewa gefe ko inji lafiya lau yake. Abin da ya rage jikka 40.

Jikka 40 a wata, inji kuwa an saye shi jikka 800. Sai ya yi wata 20 yana aiki kafin shi maida kuɗɗin sayenshi. Bayan nan ne za a soma maganar riba.

Yanzu a ɗauki injin nan dai a kai shi wurin da ba ya saida fiye da gwangwani 6 a rana. A wata gwangwani 156. Abin da ke hawa bisa kuɗɗin sari sefa 31.200 ne. Mai wuri shi ɗauki sefa 7.800, saura sefa 23.400. Amma man babur bai ragu ba, haraji bai ragu ba, gyara bai ragu ba, lalacewar kaya ma ba ta ragu ba. Waɗanga huɗu jikka 38 ne. Ke nan kowane wata mai inji na cika sefa 14.600 daga aljihunshi. Inji ɗaya ne, lemu ɗaya, farashi ɗaya. Kuma in ba ya rubutawa, zai yi shekara bai gane ba, don duk ranar da ya buɗe akwati yana tarda kuɗɗi ciki.

Shi ya sa mai inji ke yawo da kaye da biro. Kowane inji da shafinshi: ranar da ya zo, abin da ya zuba, abin da ya tarda, kuɗɗin da ya kwasa, lambar da ƙwaƙwalwar inji ta nuna. In ya sa yaro zagaye, lambar nan ita ce shaida. Inji ya ce an saida 100, to kuɗɗin 100 za a kawo.

Gyara

A ganina, nan ne ake raba mai cin riba da mai wahalar banza. Wanda duk abin da ya samu inji sai ya kira mai gyara, ribarshi can take tafiya. Galibin ciwon inji kuwa ƙanana ne, kuma datti ne ke kawo su.

Inji ya ƙi karɓar kuɗɗin ƙarfe? A cire wuta, a buɗe mai tantancewa, a duba ko wani abu ya maƙale. Sau da yawa lanƙwasasshen kuɗɗi ne, ko takarda da yara sunka tura. A goge hanyar da tsumma mai ɗan laima, a bari ta bushe. Kada a sa mai. Mutanenmu sun saba duk ƙarfen da ya ƙi motsi sai a ɗiga mishi mai. A nan kuskure ne: mai na kama ƙura, ƙura ta zama danƙo, kuɗɗi su ƙi gangarawa. Wani lokaci kuma babu abin da ya lalace. Bututun canji ne sunka ƙare, inji ya ga ba zai iya ba da canji ba, sai shi ƙi karɓar takarda.

Mai karɓar takarda yana ta turo ta waje? A goge idanun hasken da tayoyin roba. In robar ta sulɓe don tsufa, a canza ta.

An biya, kaya sun ƙi faɗowa? Galibi laifin mai zubawa ne. Ya sa babban ƙunshi cikin ƙaramin murɗe, ko ya cusa shi a karkace. In kuwa layi guda ne kaɗai ya mutu, akwai dabara mai sauƙi. A cire ɗan injin layin, a sa na layin da ke kusa mai lafiya. In ya juya, to ɗan injin farko ne ya mutu, a sayi wani. In bai juya ba, laifin na waya ne ko na allo. Da haka ba a sayen abin da ba shi ya lalace ba.

Abin da ya fi tsada shi ne injin sanyi. Kusa da shi akwai wata raga ta ƙarfe inda zafi ke fita, da ƴar fanka mai hura ta. In ƙura ta toshe ragar, zafi ba ya fita, inji shi yi ta aiki babu hutu har shi ƙone. Maganin abin buroshi ne kawai, a share a kai a kai. Kada a manna inji ga bango, a bar tazarar tafin hannu ko fiye don iska. In an ɗauke wuta an maido, a jira ƴan mintoci kafin a kunna. In an kwantar da inji wajen dako, a tsayar da shi awoyi kafin a ba shi wuta, don man cikin injin sanyi shi koma mazauninshi. Amma in iskar sanyin ce ta zurare, wannan aikin mai gyaran firigo ne. Kada a yi karambani.

Kowane gyara, a fara cire wuta. Kuma a san cewa inji cike da lemu yana kai kilo 300 ko 400. Mutum ya saka kuɗɗi, abu ya maƙale, ya yi fushi ya kama girgiza inji, sai inji shi faɗo mishi. A shekara ta 1995 hukumar kula da lafiyar kayan saye ta Amurka ta ce mutum 37 aƙalla sun mutu ta haka tun daga 1978. Don haka ake daidaita ƙafafun inji, a ɗaure shi ga bango in da hali. Ana kuma manna lambar salular mai shi a gaba. Wanda inji ya cinye ma kuɗɗi shi kira a maida mishi. Mai sayen da anka maida ma dala ɗarinshi zai dawo gobe.

Akwai kuma kashe kuɗɗin da babu mai iya kauce mishi: ranar da gwamnati ta canza kuɗɗin ƙasa. Ingila ta fito da sabon fam na ƙarfe mai kusurwa 12 a 2017. Japan ta fito da sabbin takardun kuɗɗi a watan Yuli na 2024. Duk lokutan biyu, sai da masu injuna sunka biya anka gyara ko anka canza mai tantance kuɗɗi, in ba haka ba inji ba ya gane sabbin.

In an kawo maka talla

Yanzu kusan kowa na da salula. Ana ganin masu cewa: sayi inji ka kwanta, kuɗɗi na shigowa kana barci. A Amurka hukuma ta sha gurfanar da masu irin wagga talla. Suna saida injuna da tsada, su yi alkawarin samo wurare masu ciniki, daga baya mai saye shi tarda wuraren babu kowa, ko ma babu su.

A nan ƙasarmu, tsoffin kayan Turai na shigowa iri-iri, firigo da telebijin da injuna. Wata rana ana iya nuna maka irin wanga inji a ce ka saya. Kafin ka sa hannu aljihu, ka yi tambaya. Wane kuɗɗi inji ya sani? Wanda anka shirya don yuro ko dalar Amurka bai san sefa ba, sai an canza mishi mai tantancewa, in akwai mai iya yi. Wace wuta yake ci? Tamu bolt 220 ce. Injin Turai ya dace da ita. Na Amurka 120 yake so, na Japan 100, in an sa su kai tsaye sai su ƙone. Ina za a samu kayan gyaranshi? Inji babu kayan gyara akwatin ƙarfe ne kawai.

Sai mu dawo ga wuta da tsaro. Watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, kuma lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa, lokacin ne kuma mutane sunka fi son ruwan sanyi. Ga ƙurar hunturu mai toshe ragar injin sanyi. Ga matsalar canji da kowa ya sani: dala biyar da dala goma sun yi wuya, masu yawo hannu kuma da yawa sun goge. Mai tebur yana iya karɓar gogaggen kuɗɗi don ya san ka, ko shi ce ka kawo cikon gobe. Inji bai san kowa ba. Kuma duk inda mutane sunka taru a garuruwanmu, akwai yarinya mai tallan ruwan leda da mai kula da lemu, suna kawo maka har inda kake zaune. A Japan da Amurka ladan mai tsaron kanti na da tsada, shi ya sa inji ke da riba. A nan ba haka abin yake ba. In inji zai yi aiki, sai dai wuri mai rufi, mai gadi, mai wutar da ba ta yankewa, kamar filin jirgin sama ko babban otel.

Aikin yi

Ku ɗauko kaye. Injin misalinmu an kai shi wani asibiti. Yana saida gwangwani 12 a rana, kwana 26 a wata. Sari sefa 300, saidawa sefa 500. Mai wuri na da kashi 10 cikin 100 na ciniki. Sauran kashe-kashe jikka 38 ne kamar da. Nawa ke rage ma mai inji a ƙarshen wata? Wata nawa zai yi kafin shi maida jikka 800 ɗinshi? In kun gama, kowa shi sake lissafin da tashi sana'a, ko injin niƙa ne, ko firigo, ko cajin salula, ku kawo a duba tare ranar karatu mai zuwa.